Tsokaci a Kan Koyar da Layin Raba Daidai a Makarantun Gadarif

Hausawan Gadarif jikoki ne na mahajjata da na waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu har yau Hausa suke ji a gida, amma a makaranta da Larabci ake koya musu lissafi. Wannan takarda za ta dubi darasi guda na handasa, wato zana layin da yake raba wani layi gida biyu daidai, ya kuma ratsa shi a kan kusurwa mai digiri 90.

Balarabe yana kiran wannan layi al'amudul munassif. Rabin sunan na biyu ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin tushensa ɗaya da nusufi, wanda muka sani a rabon gado tare da sulusi da rubu'i da sudusi. Matsalar tana ga amud, wanda asalin ma'anarsa ginshiƙi ne. Malamin da ya so taimakon ɗalibi da Hausa yakan ce “layi na tsaye”, kuma a ganina wannan fassara ɓarna take yi. Tsaye a Hausa kishiyar kwance ce, tana nufin daga ƙasa zuwa sama. Shi kuwa layin da ake magana a kai, dangantakarsa da ɗan'uwansa ake dubawa, ko ta ina aka karkata takardar. Littattafan makaranta suna ƙara dagula lamarin, don galibi a kwance suke zana layin AB. Da zarar an ba ɗalibi AB a karkace, sai ya ja layinsa daga sama zuwa ƙasa, yana ganin ya bi abin da aka ce. Gara a ce “layin raba daidai”, sannan a faɗi kusurwar da adadinta.

Abu na biyu shi ne haddar matakai. A kafa tsinin kamfas a A, a buɗe shi fiye da rabin layin, a zana baka sama da ƙasa, a koma B a yi haka, a haɗa mahaɗun nan biyu da rula. Ɗalibi zai iya karanto wannan tiryan-tiryan, amma a tambaye shi me ya sa buɗin zai wuce rabi, sai ya yi shiru. Amsar kuwa gajera ce: in bai wuce ba, bakunan ba za su ratsa juna ba. Haka nan ba a sauya buɗin kamfas ne domin kowace mahaɗa ta zama nisanta da A daidai da nisanta da B. Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba sabon ilimi ba ne: raba layi biyu shi ne mas'ala ta 10 a littafin farko na Iƙlidis, wanda Hajjaju ɗan Yusufu ya fassara zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashidu. Abul Wafa'i Albuzajani (940 zuwa 998) har littafi ya rubuta a kan handasar da masu sana'a suke bukata.

Masu sana'ar suna nan a Gadarif. Magini yana shata harsashin ɗakin ciyawa mai da'ira da turke da igiya, kuma wannan kamfas ne. A ɗauka an cire turken, ana son gano tsakiyar ɗakin. Sai a zaɓi wurare 3 a gindin bango, a ja igiya daga na ɗaya zuwa na biyu, da daga na biyu zuwa na uku, a fitar da layin raba daidai na kowacce. Inda layukan suka haɗu, nan turken yake. Da wannan dabara ake samun wurin da nisansa da ƙauyuka 3 yake ɗaya, in ana neman inda za a haƙa tafki, muddin ƙauyukan ba a jere suke a layi guda ba.

Bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilu na 2023, an rufe makarantu, kuma da dama a Gadarif sun zama masaukin waɗanda suka gudo, musamman daga Wad Madani a Disambar shekarar. Iyalin da ya fito da kayan jikinsa kawai, da wuya ya saya wa yaro akwatin kayan lissafi. Igiya mai kamu 6 da turaku 2 sun ishi aji guda a filin makaranta, a kuma shimfiɗa AB ta kowace fuska aka ga dama.