Gwanintar Koya wa Babba Sana'a

A kusan kowane gari akwai telan da ake rububin shagonsa idan Sallah ta ƙarato, wanda idan ya yanka maka riga ba ka da abin cewa sai godiya, amma a shekara 20 bai yaye yara uku na kirki ba. Can gefe kuma akwai wata Malama a cibiyar koyon sana'a ta mata. Ɗinkinta ba ya sa a waiwayo, amma duk bayan 'yan watanni sai ta sallami matan aure da zawarawa waɗanda suka zo ba su san inda ake zura zare ba, su koma gida suna ɗinka wa yaran unguwa kayan makaranta ana biyansu. Telan gwani ne. Malamar ma gwana ce, sai dai tata gwanintar ba a rataye ta a ƙofar shago kowa ya gani, shi ya sa ba kasafai ake yaba mata ba.

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Gaskiya ne, amma mai gemu ba ya zuwa aji hannu rabbana. Ɗauki magidanci mai shekara 45 da ya rasa aiki lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna suka durƙushe, ko matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar. Suna shigowa da lissafin cefanen gobe a ka, da ƙarancin lokaci, da tsoron kada a ga gazawarsu a gaban sa'o'in 'ya'yansu. Yaro idan aka yi masa dariya a aji, kafin a tashi ya manta. Babba ba zai yi gardama ba, ba zai nuna fushi ba. Ranar Litinin kawai za a ga kujerarsa babu kowa, ya aiko a ce uzuri ya taso masa, shi ke nan an rabu.

Saboda haka abin da ƙwararren malamin manya yake fara tsarewa shi ne mutuncin ɗalibinsa. Dubi yadda Malamar can take gyara kuskure. Ba ta ɗaga ƙyallen sama ta ce kowa ya zo ya ga abin da ba a so. Takan sunkuya kusa da mai keken ta ce a hankali, "Hajiya, mu duba zaren ƙasan nan tare, kamar keken ne yake mana gardama yau." Laifin ya koma kan keke, gyaran ya shiga kan Hajiya, babu wanda ya ji kunya. Haka saurayi ɗan shekara 26 da yake koyar da haɗa sola, idan a ajinsa akwai dattijon da ya daɗe yana aikin wayarin, ba ya yi masa lacca a kan abin da ya riga ya sani. Cewa yake yi, "Baba, ku da kuka daɗe a harkar nan, yaya kuke gane waya ta yi wa kaya ƙanƙanta?" Dattijon ya yi bayani, aji ya ƙaru, shi kuma ya saki jiki ya karɓi sabon abin da bai sani ba daga bakin sa'an ɗansa.

Wani masani ɗan Amurka, Malcolm Knowles, ya tattara irin waɗannan abubuwa a littattafansa kan ilimin manya, tun daga na 1970. A ganinsa babba yana son ya san dalilin koyon abu kafin ya koya, yana zuwa da gogewar da ya kamata a yi aiki da ita, kuma yana neman abin da zai amfane shi yanzu, ba bayan shekara huɗu ba. Malaman kirki da yawa a cibiyoyinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da haka suke aiki. Shi ya sa a makon farko, bayan ɗaliba ta yi kwana biyu tana taka keke a kan takarda ba tare da zare ba har layin hujin allura ya miƙe, Malama takan sa ta ɗinka rigar filo ko ɗan hijabin yarinya ta tafi da shi gida. Ba don ɗinkin ya yi kyau ba. Maigidan da yake ba da kuɗin mota zai ga abu a hannu, ita kuma za ta ga cewa hannunta yana iyawa.

Inda aikin ya fi wuya, kuma inda na fi jinjina wa masu yinsa, shi ne fito da abin da hannu ya sani zuwa baki. Gwani yakan manta yadda ya koya. Tambayi tsohon mai walda yadda yake riƙe tazara tsakanin sandar walda da ƙarfe, zai ce maka, "Ai haka ake yi," ya yi sau ɗaya cikin ƙiftawar ido ya miƙo maka. Ba rowa yake yi ba. Ilimin ya nutse a hannunsa har shi kansa ba ya ganinsa.

Amurkawa sun yi karo da wannan matsala a 1940, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa masana'antunsu neman dubban sababbin ma'aikata cikin gaggawa, da yawansu manya da ba su taɓa shiga masana'anta ba. Gwamnati ta kafa wani shiri da ake kira TWI a taƙaice, wanda aikinsa shi ne koya wa shugabannin leburori yadda ake koyarwa, cikin awa 10 kacal, zama biyar na awa bibbiyu. A zaman farko akwai wata dabara da suke yi. Mai horarwa yakan kira mutum ɗaya ya bayyana masa da baki yadda ake wani ƙulli na wayar lantarki, irin wanda ake yi a cikin kan fitila don kada waya ta fizge. Mutumin ya gwada, ya kasa. Sai a kira wani a nuna masa da hannu ba tare da bayani ba, ana fuskantarsa. Shi ma yakan kasa, domin abin da ya gani a juye yake, daman malami shi ne hagunsa. Daga nan sai a yi yadda ya dace. A tsayar da ɗalibi a gefen malami ya riƙa ganin aikin ta inda zai yi shi, a kwantar masa da hankali, a nuna mataki ɗaya bayan ɗaya ana faɗin wurin da ake yin kuskure da dalilinsa, sannan a miƙa masa wayar ya yi da kansa yana faɗin abin da yake yi, a kuma riƙa leƙo shi bayan an bar shi da aikin. Ƙa'idarsu ita ce idan ma'aikaci bai koya ba, laifin na mai koyarwa ne. Da wannan hanya aikin goge gilashin na'urorin hangen nesa, wanda a da ake cewa sai an shekara biyar ake ƙwarewa, ya dawo ana koyonsa cikin watanni. Bayan yaƙi tsarin ya tsallaka Japan, kamfanin Toyota ya rungume shi a farkon shekarun 1950.

Abin da ya sa tsarin ya ci shi ne aikin da malami yake yi shi kaɗai kafin ɗalibi ya iso. Yakan zauna da kayan aiki ya yi aikin a hankali kamar baƙo, yana tambayar kansa: a nan me yatsana ya yi? Me zai faru idan ban yi ba? Malamar ɗinki da ta yi haka ita ce za ta gano cewa tana riƙe bakin zaren sama da na ƙasa da yatsa a ɗinkin farko ba tare da ta sani ba, kuma rashin yin hakan ne yake sa zare ya cukurkuɗe wa ɗalibanta a ƙarƙashin ƙyalle. Abu ne na daƙiƙa ɗaya, amma wanda ba a gaya wa ba zai iya yin wata guda yana zargin kansa.

Sai kuma batun lissafi, wanda yake korar mutane da yawa tun daga bakin ƙofa. Matar da take cewa ita ba ta yi boko ba, ita ce take riƙe adashin mutum 20 a ka ba ta taɓa ɓata ba. Malami mai basira daga nan yake kamawa. Ba ya cika allo da alƙaluma. Yakan shimfiɗa turmin atamfa, yadi 6, kowane yadi inci 36, ya miƙa mata tef ya ce ta fitar da riga da zani da ɗankwali ta gaya masa abin da zai saura. Mai koyar da sola yakan ajiye batura biyu masu bolt 12, ya sa ɗalibi ya jera su ƙarin wannan a ragin wancan ya auna ya ga 24, ya sake haɗa su ƙari da ƙari, ragi da ragi, ya ga 12. Wanda ya fi sakewa da ajami a bar shi ya rubuta awonsa da ajami. Kuma kafin a yaye kowa sai an zauna an yi lissafin farashi, kuɗin zare da na wuta da ladan hannu, domin da yawa sun iya sana'a amma ciniki ya kayar da su. Wannan fahimta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 ake tara manya a aji a Arewa, kuma Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta kai ga samun lambar yabo ta UNESCO.

Salon koyarwa kuwa ba a aro shi. Wani malamin da barkwanci yake tafiyar da aji, wata kuma ba ta da yawan magana, kallonta kawai ya isa. Dukansu suna iya yin nasara, muddin idonsu yana kan hannun ɗalibi. Akwai tambaya ɗaya da na lura gwanayen sun daina yi, wato "Kun gane?" Babu Bahaushen da zai kunyata malami a gaban jama'a, kowa zai ce an gane. Maimakon haka sai ka ji, "Yaya, ɗan nuna wa Inna yadda kika sa zaren." A nan gaskiya take fitowa. Sukan kuma koyi yin shiru da riƙe hannunsu, wanda ba ƙaramin jihadi ba ne ga gwani yana kallon ana jagwalgwala abin da zai gama a minti ɗaya. Idan mutum biyar suka maƙale a wuri guda, sai malami ya koma ya sake fasalin bayaninsa. Sun san damina ba lokacin riƙe manomi a aji ba ne, sun san ranar kasuwa, sun san da azumi sai a sassauta. Wasu yanzu suna tura gajeren bidiyo ta WhatsApp don wadda rashin lafiyar yaro ya hana ta zuwa.

Koyon sana'a irin na gargajiya yana da albarkarsa, amma magidanci ba shi da shekara biyun da zai yi yana sayo wa maigida abinci da guga kafin a bar shi ya taɓa almakashi. Horon mako guda a ɗakin taro na otal, da majigi da takardar shaida da hoton rufe taro, shi kuma ya fi wancan muni, domin ba ya barin komai a hannu. Muna da hukumomin da aka kafa don wannan aiki, ITF tun 1971, NDE tun 1986, ga gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyi masu raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe. Roƙona gare su shi ne idan za su ɗauki mai koyarwa, kada su tsaya ga kyan aikinsa ko takardunsa. A kawo masa babban mutum da bai taɓa riƙe kayan aikin ba, a ba su rabin awa, sannan a duba abin da baƙon ya iya yi da hannunsa. Wanda ya ci wannan jarrabawa a ɗauke shi, a kuma biya shi albashin gwani.