Nazari a Kan Rubutu da Gyaran Littattafan Ƙa'idojin Wasan Dungeons & Dragons

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda aka rubuta littattafan ƙa'idojin wasan Dungeons & Dragons, da yadda aka yi ta gyara su. Wasa ne da ake yi a kan tebur: kowane ɗan wasa ya ɗauki matsayin jarumi guda cikin labari, alƙalin wasa yana bayyana abin da ke faruwa, ana jefa ƙwayar ludo mai fuskoki da yawa don yanke hukunci. Ra'ayinmu shi ne, babban aibin irin waɗannan littattafai yana fitowa ne daga marubucin da ya san wasan ƙwarai har ya manta da baƙon mai karatu.

Bugun Farko

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka wallafa wasan a shekarar 1974, ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Ƙananan littattafai uku ne cikin akwati, an kuma fara buga kwafe 1,000. Marubutan sun ɗauka cewa mai karatu ya riga ya saba da wasannin yaƙi na kan tebur, har suka tura shi ga wani littafi dabam, wato Chainmail na 1971, don sanin ƙa'idojin faɗa. Saboda haka wanda bai taɓa zama tare da masu wasan ba yakan karance littattafan ukun sarai, amma ya kasa gane ta inda zai fara.

Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko ita ce sake tsari. A 1977 wani likitan jijiyoyi mai suna J. Eric Holmes, wanda ba ya cikin waɗanda suka ƙago wasan, ya sake jera ƙa'idojin domin masu koyo. Ya yi nasara ne domin shi kansa ya fara saduwa da wasan a matsayin mai karatu.

Hanya ta biyu ita ce ƙari. Gygax ya fitar da manyan littattafai uku tsakanin 1977 da 1979, da nufin kowane tebur ya bi doka ɗaya. Sai dai littafin 'yan wasa na 1978 ya fito babu jadawalin kai hari, sai a littafin alƙalin wasa na 1979 aka same shi. A shekarar 1979 ɗin kuma mujallar Dragon ta buɗe filin amsa tambayoyin masu wasa. Wannan ya nuna cewa yawan shafuka bai kawar da ruɗani ba.

Hanya ta uku ita ce sauya ƙa'idar kanta. Misali, a bugun 1974 darajar sulke tana ƙaruwa ne idan lambarta ta ragu: marar sulke yana da 9, mai cikakken sulke da garkuwa yana da 2. An shafe shekara 26 ana yi wa wannan lissafi bayani iri iri, har zuwa bugu na uku a 2000, bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997. A nan ne aka juya shi, babbar lamba ta zama babbar kariya. Ashe matsalar a cikin ƙa'idar take, kuma babu gwanintar jimla da za ta warkar da ita.

Hanya ta huɗu ita ce gwaji a bainar jama'a. Tun daga 2012 kamfanin ya riƙa raba daftarin ƙa'idoji ga masu wasa, yana karɓar ra'ayoyinsu, kafin fitowar bugu na biyar a 2014.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, hanyoyi na farko da na huɗu sun fi amfani, domin duka biyun sun sa littafin a hannun wanda ba marubucinsa ba. Malaman da ke rubuta littattafan koyarwa suna fuskantar wannan haɗari, domin ɗalibi ba ya da marubuci kusa da shi da zai tambaya. Ya kamata a ba baƙo daftari ya yi aiki da shi shi kaɗai, a lura da inda ya tsaya, a fara gyara daga wurin.