Kalangun Shata da Kwamfutar Situdiyo

Duk wanda ya saurari waƙar da Alhaji Mamman Shata ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar zai ji kalangu yana magana. Makaɗi ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauka. A wancan zamani murya da kiɗa da amshi tare ake ɗaukarsu, a bi da su ta miksa zuwa kan tef.

Shata ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Wajejen lokacin ne kuma situdiyoyin Kano suka rungumi piyano, daga baya kwamfuta. Ban ƙi kwamfuta ba, domin tana share ƙarar tef, tana gyara kuskure ba sai an sake waƙa daga farko ba. Abin da ke damuna shi ne kalangun da ke cikin piyano: bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa, babu hawa babu sauka, alhali Hausa harshe ne mai karin sauti.

A ganina, a kawo makaɗa na gaske, a ɗauke su tare ta miksa, sannan a miƙa wa kwamfuta ta yi tankaɗe, kada dai ta daidaita bugun.