Aptama da Sankara: Mu Fara da Gano Cutar

Akwai wani salon binciken sankara da nake so masananmu na Kaduna su rungume shi tun da wuri. Aptama ake kiran abin: ɗan gajeren zaren DNA ko RNA da ke naɗewa ya manne wa furotin guda. A 1990 Tuerk da Gold, da kuma Ellington da Szostak, suka fito da dabarar zaɓo shi a Amurka. Aikin tamkar tankaɗe ne. A zuba zaruruwa tiriliyoyi a kan abin da ake nema, a wanke waɗanda ba su kama ba, a ninka waɗanda suka kama, a sake, har sai nagarin sun rage.

Yanzu a kan ƙwayar sankara mai rai ake zuba su, ko da ba a san furotin ɗin da ke fatarta ba. Haka tawagar Weihong Tan a Jami'ar Florida ta samu wani aptama mai suna sgc8 a 2006 daga ƙwayoyin sankarar jini, sai daga baya aka gano furotin PTK7 yake kamawa.

Ba na goyon bayan masu tallata shi a matsayin magani. Pegaptanib, aptaman da Amurka ta amince da shi a 2004, na ciwon ido ne. A cikin jini zaren na saurin lalacewa, ƙoda kuma tana tace shi. Kada a sa wa majinyaci rai da abin da bai nuna ba.

Ribarmu tana wajen gano cutar. Gwajin tsokar mama da ke tantance furotin HER2 ya dogara da sinadaran antibodi masu tsada, masu neman firji, mu kuwa mun san halin wutarmu. Aptama a inji ake haɗa shi, busasshensa yana jure zafi. Matar da ta zo da kumburi a mama, mako guda ma dogon jira ne a wurinta.

Kuma ba baƙon abu ba ne ga cututtukanmu. A 1999 Homann da Göringer a Jamus suka zaɓo aptama a kan ƙwayar sammore mai rai, ga cibiyar binciken sammore ta ƙasa nan cikin Kaduna. Ga Jami'ar Jihar Kaduna da asibitinta na Barau Dikko, ga sashen sankara na asibitin Shika. A haɗa hannu, da yardar majinyata, a yi zaɓen a kan ƙwayoyin sankarar matanmu, domin wani nau'in sankarar mama mai wuyar magani ya yawaita a Afirka ta Yamma.