Sarewa: 'Yar Gidan Busa da Ba Ta Shiga Fada

Duk wanda ya tashi a karkarar Badarawa, ko ƙauyukan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ya san muryar sarewa da la'asar sakaliya, sa'ad da makiyayi ya juyo da shanu. Sanin muryarta daban, sanin danginta a cikin kayan kiɗa daban.

Bahaushe yana raba waɗannan kaya ne bisa abin da ake yi musu. Akwai na kaɗawa, irin su kalangu da taushi da kotson da Ibrahim Narambaɗa ya yi suna da shi a fadar Isa. Akwai masu tsirkiya, kamar goge da garaya da molo. Akwai na girgizawa, irin su caki. Sai na busa: kakaki da farai da ƙaho da algaita da sarewa. Shi ya sa mai sarewa mabushi ake ce masa.

Ko a gidan busa ma ba uwa ɗaya uba ɗaya suke ba. Kakaki, leɓen mabushi ne ke karkarwa ya haifi sauti. Algaita ɗan harshe gare ta a baki, shi ke rawa. Sarewa ba ta da ko ɗaya: numfashi ne ke tsagewa a gefen bakin kara, yatsu na toshe ramuka suna buɗewa. A 1914 masanan kiɗa Hornbostel da Sachs suka kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu, suka sa duk abin busa a gidan iska, sannan suka ware dangin sarewa bisa wannan dalili. Makaɗan Turai kuwa har yau cikin kayan itace suke lissafa tasu sarewar, alhali tun 1847 Theobald Boehm ya ƙera ta da azurfa. Mu ma haka: ta kara ce ko ta bututun ƙarfe, sunanta sarewa.

Rabon da ya fi yanke mata hukunci a ƙasar Hausa shi ne na daraja. Kakaki na sarki ne, algaita tana da Sarkin Busa a fada. Sarewa ta daji ce, ta Fulani makiyaya da yaran gona, ba ubangida, ba roƙo. Kuma mai busa ta bakinsa a cike yake, ba ya waƙa. Manazartanmu kuwa baiti suka fi bi, don haka aka cika littattafai da makaɗan fada da na maza irin su Kassu Zurmi, ita aka bar ta da layi ɗaya a jerin sunaye.

Wannan sakacin yana ci mini rai. Satar shanu da tashin hankali sun tarwatsa rugage da yawa a arewacin Zamfara, kuma sarewa bayan shanu take bi. Abin da ke da baiti ana iya rubuta shi; karin sarewa a ƙirjin mabushi kaɗai yake. A nemi dattawan da suka rage, a naɗi busarsu tun suna da numfashi.