A Bar Makiyayi A Cikin Hoton

Suka iri biyu ake yi wa samarin da ke saɓa kyamara ko su riƙe waya su nufi duwatsun da ke warwatse tsakanin Kankiya, Kusada da hanyar Dutsinma. Dattawa na cewa rashin aikin yi ne da kwaikwayon Nasara. Masu ganin sun san hoto kuwa cewa suke ƙasar nan shimfiɗe take, wanda duk ke son hoton kirki ya tafi Mambila ko tsaunin Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 a Taraba, ko ya haura Azbin. Maganar dattawa ba ta buƙatar doguwar amsa. Tarihin Kano ya buɗe ne da Barbushe yana hawa Dala, Zazzagawa sun zauna a gindin Kufena, haka mutanen Kwatarkwashi da nasu dutsen. Hawan dutse ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kyamarar ce sabuwa.

Suka ta biyu ce ke da illa, domin ma'auninta aro ne. A Amurka aka raini ra'ayin cewa hoton tsauni bai cika ba sai babu ɗan Adam a ciki. Hotunan da Carleton Watkins ya ɗauka a kwarin Yosemite a 1861 na cikin abin da ya sa shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar kare wurin a 1864, daga baya mai hoto Ansel Adams ya mayar da salon abin koyi. Sai dai a 1851 aka tura mayaƙa suka fatattaki mutanen da ke zaune a kwarin. Wato sai da aka kori masu wuri sannan ya zama kufai mai kyan ɗauka. Duwatsunmu ba su taɓa rasa jama'a ba, don haka wanda ya tsaya jiran kowa ya gusa kafin ya danna, ƙarya ya ɗauko.

Dabarar da ta dace da ƙasarmu daga ƙasa take farawa, ba daga ƙololuwa ba. Mai hoto ya durƙusa a gindin dutse da la'asar sakaliya, a tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu. Hazon da kowa ke tsinewa shi ne babban ma'aikacinsa: abin da ke kusa yana fitowa tangaran, dutsen tsakiya ya yi toka-toka, na can nesa ya rage inuwa kawai, sai fili marar tudu ya sami zurfi hawa uku. Rana kuma ta yi laushi, ba ta ƙona fuskar dutse ta mayar da ita fari fat kamar yadda take yi a bazara. Daga nan sai a nemi abin auna girma, domin dutse shi kaɗai a hoto ba a sanin ko ya kai soro ko murhu ne. Gawo ya fi kowace bishiya yin wannan aiki, tunda shi ne ke da kore shar da rani, lokacin da kuka ta tsaya tsirara. Amma ko gawon bai kai yaro Bafulatani da ya gitta sanda a kafaɗa yana bin shanu ba. Da ido ya faɗa kansa, nan take zai auna dutsen da tsawon mutum. A matso kusa kuma a ga abin da ke kan falalen dutse: shanyar barkono ja wur a kan baƙin fa, kwarmin da ya riƙe ragowar ruwan damina har awaki suka yi masa hanya, saiwar gamji da ta kutsa cikin tsaga. Masu shiga manhajar waya su goge hazo su liƙa shuɗin sama, su ne suka fi ɓata aikin. Sun cire abu ɗaya da ke nuna inda aka ɗauki hoton.

Za a ce sa mutane a hoto shiga hakkinsu ne. Haka ne in an yi shi a sace. Maganinsa sallama da neman izini, a kuma kauce wa matan da ke wanki ko shanya in ba su yarda ba. Za a kuma kawo batun tsaro, wanda ba wasa ba ne ga duk mai maƙwabtaka da yankin dajin Rugu. Wannan ma goyon bayan salon yake yi, domin ba ya buƙatar kwana a dawa. Dutsen bayan gari ya isa, da sanin mai unguwa.

Akwai kuma gaggawa. Masu fasa dutse na cin waɗannan duwatsu kullum, tifa na kwasar tsakuwa zuwa gine-ginen birni. In dutse ya tafi, hoton da aka share mutane daga cikinsa siffa kawai zai nuna. Wanda ke da shanya da burtali da makiyayi shi ne zai iya zama hujja a gaban hakimi ko ƙaramar hukuma cewa wurin yana da masu amfani da shi, tun kafin a ba ɗan kwangila izinin sa masa nakiya.