Laifin Gaggawa da Laifin Zato: Waiwaye kan Fitowar Wasan Magic a 1993

Duk lokacin da wani aikin fasaha ya fito da aibi, wa'adi ake fara ɗora wa laifi. Tarihin wasan karta na dabaru mai suna Magic: The Gathering ya nuna cewa wannan hukunci bai cika adalci ba.

A shekarar 1991 Richard Garfield, ɗalibin lissafi a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, ya kai wa Peter Adkison, shugaban ƙaramin kamfanin Wizards of the Coast, wani wasan allo mai suna RoboRally. Adkison ya ga kuɗin buga shi sun fi ƙarfin kamfanin, sai ya nemi wasa mai araha, wanda za a iya sa wa a aljihu a kuma gama shi cikin ƴan mintoci. Daga nan Magic ya samo asali: ƴan wasa biyu, kowane da rai 20 da tarin katunan da ya haɗa da kansa, kowane na neman ƙarar da ran abokin karawarsa. Kusan shekara biyu Garfield da abokansa, galibinsu ɗalibai, suna gwada shi da katunan wucin gadi, kafin a tsayar da bikin baje kolin wasanni na Gen Con, na watan Agusta 1993, a matsayin lokacin da tilas kaya su shiga hannun jama'a.

Tabon gaggawa a bayyane yake a bugun farko, wanda ake kira Alpha, katuna miliyan 2.6 da kamfanin Cartamundi na Beljiyam ya buga. An manta da katuna biyu ɗungum, an juya lambobin ƙarfin katin Elvish Archers, an kuma yi kuskuren farashin wasu. Sai dai waɗannan kurakuran maɗaba'a ne, kuma bugu na biyu, Beta, ya gyara su cikin ƴan watanni.

Babban aibin yana wani wuri dabam, kuma ko da an ƙara shekara guda ana gwaji da wuya a gano shi. Garfield ya san wasu katuna sun fi kima ƙarfi. Black Lotus, alal misali, ana ajiye shi ba tare da biyan komai ba, ya ba mai shi ƙarfin da a ka'ida sai an yi zagaye uku ake tarawa. Ya bar su haka da gangan, bisa zaton cewa kowa zai sayi ƙunshi ɗaya ko biyu ne kawai, ƙarancin katin ya zama linzaminsa. A da'irar masu gwajin zaton ya yi daidai, domin katunan da ke hannunsu ƙidayayyu ne, musaya kawai suke yi a tsakaninsu. Da wasan ya shiga kasuwa sai aka sami masu saye kwali-kwali, suna tara katuna masu ƙarfi, har mutum ya iya haɗa Black Lotus da Channel da Fireball ya kashe wasa tun zagayen farko, abokinsa bai ko ajiye kati ɗaya ba. Kowane malami ya san irin wannan ruɗi: darasin da aka gwada a kan ɗalibai uku masu hazaƙa yakan watse a aji mai mutum tamanin.

A nan ne bambancinsa da dara yake fitowa. Dara ba ta da mawallafi, ba ta da ranar fita. Tsararraki ne suka goge dokokinta a gindin itatuwa, kuma tsinke goma sha biyu na wannan daidai suke da duwatsu goma sha biyu na wancan. Magic kuwa ya shigar da aljihun ɗan wasa cikin wasan, abin da teburin gwaji ba ya iya aunawa.

Abin yabo shi ne kamfanin bai tsaya kare zatonsa ba. A 1994 dokokin gasa suka ƙayyade kofi huɗu na kowane kati a tari mai katuna akalla 60, aka mayar da Black Lotus da ire-irensa kofi ɗaya tak. Ƴan wasan da suka biya kuɗinsu ne suka kammala gwajin da ɗaliban Pensilbaniya suka fara.